Manhajar cefanen ɗalibai: sai ta san kongo da derika kafin ta yi amfani

Duk uban da yake da ɗa a jami'a ko kwalejin fasaha a nan Kudu ya san wannan kiran. Wata bai kai ashirin ba, waya ta yi ƙara, an gaisa, sai ka ji murya ta yi ƙasa: "Baba, kayan abincina fa sun ƙare." Kai kuma ka san abin da ka tura farkon wata, ka san shinkafar da aka auna masa a gida kafin ya tafi. Ka tambaye shi ina suka shiga, ya yi shiru. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba, ba kuma lallai almubazzaranci ba ne. Sau da yawa shi kansa bai sani ba. Barkonon ɗari biyu yau, burodin ɗari biyar gobe, ruwan leda, gas ya ƙare ana tsakiyar dafa wake, aboki ya shigo daidai lokacin da aka sauke tukunya. Haka kuɗin ke zurarewa ba tare da an ga ƙofar da suka bi ba.

Maganar cikin ɗalibi ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Zanga-zangar "Ali Must Go" ta 1978 ma ƙarin kuɗin abinci a jami'o'i na cikin abin da ya tayar da ita. Daga baya gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai gaba ɗaya, kowa ya koma ga tukunyarsa. Ɗalibai har lambobi suka ƙirƙiro wa halin da suke ciki: 1-0-1 na nufin an karya, an tsallake rana, an ci dare, 0-1-0 kuwa sau ɗaya ke nan a yini. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024, yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Raba ta gida talatin, ka ga kusan naira 667 ke nan a rana. Wanda ke rayuwa a kan wannan ba shi da sararin yin kuskuren lissafi.

To, yanzu da yaranmu da yawa suka shiga koyon haɗa manhaja, wasu a makaranta, wasu ta shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, tunanin da ke yawan zuwa musu shi ne su haɗa manhajar waya da za ta riƙe wa ɗalibi lissafin cefane da girki. Tunani ne mai kyau. Matsalar ita ce yawanci sai a buɗe irin waɗanda aka yi wa mutanen Amurka da Ingila a kwaikwaya, a canza launi, a sa alamar naira, a ce an gama. Irin wannan manhaja ba ta kwana uku a wayar ɗalibi kafin ya goge ta ya samu wurin ajiye hotuna.

Dalilin yana cikin yadda ake sayayya. Manhajojin can, irin su MyFitnessPal, an gina su ne a kan cewa abinci yana zuwa a kwali ko leda mai ɗauke da zanen layukan nan baƙaƙe a baya, ka haska da kyamarar waya, sunan kaya da nauyinsa su fito. Ɗalibin Jami'ar Ibadan da ya shiga kasuwar Bodija, me zai haska? Shinkafa a kongo ake auna masa, tumatir kashi-kashi, manja a tsohuwar gorar ruwa, kifi gunduwa-gunduwa. In ka cire taliyar Indomie, madara, sukari na kwali da tumatirin leda, kusan duk abin da ke shiga tukunyarsa ba shi da wannan zane, ba shi da takardar shaidar saye, ba a kuma ɗora shi a sikeli ba.

Ma'auni shi ne tushen ginin

Mu da muke zaune a Kudu mun fi kowa sanin wannan rikici, don da shi muke kwana muke tashi a kasuwa. A gida mun saba da mudu da tiya. Ka zo Ibadan an ce kongo. Ka sauka Legas an ce derika, sunan da ya samo asali daga babban gwangwanin tumatirin De Rica, sai kuma bokitin fenti. Ka haura Inugu, bokitin fentin nan ne dai da kofi. Sannan ko a kasuwa ɗaya, kongon wannan ba na wancan ba ne: wani an bubbuga masa gindi, wani ana tozo, wani ana shafewa.

Mai haɗa manhaja da ya zauna ya rubuta cewa kongo ɗaya kilo kaza ne, ya riga ya shuka kuskure a duk lissafin da zai biyo baya. Abin da ya fi shi ne manhajar ta zaɓi ƙaramin ma'aunin da ɗalibi yake girki da shi, wato gwangwanin madara, ta mayar da komai gare shi. Ranar farko ta ce masa: juye kongon da ka sayo, ka ƙirga gwangwani nawa ka samu. Ya rubuta, ta riƙe. In ya canza mai awo, ya gyara. Shi ke nan an kauce wa gardamar kilo.

Ga yadda lissafin yake tafiya daga nan. A ce ya ƙirga ya samu gwangwani 10 a kongo, ya sayi kongo 3, ya zama yana da 30. Yana dafa shinkafa sau huɗu a mako, gwangwani biyu kowane girki, wato 8 a mako. Za ta kai shi kwana 26 ko kusa da haka. Amma da abokin ɗakinsa ya fara sa hannu, girki ya koma gwangwani uku, 12 ke nan a mako, shinkafar da aka yi wa lissafin wata sai ta ƙare a kwana 17 ko 18. Ka ga inda kiran nan na "Baba, sun ƙare" yake fitowa. Aikin manhajar na farko shi ne ta faɗi wannan tun ranar biyar ga wata, lokacin da ake iya gyarawa. Don haka abin da ya kamata ya fara bayyana in an buɗe ta layi biyu ne kacal: kuɗin da ya rage za su kai ka ranar kaza, kuma abin da zai fara ƙarewa shi ne kaza. Zane-zanen ƙididdiga masu launi bakwai su jira a ciki.

Gas ma haka. Ɗalibi ba shi da hanyar sanin abin da ya rage a ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 sai dai ya jijjiga ta. Manhaja kuwa za ta iya koyo daga baya: in cikon da ya wuce ya yi kwana 24, ranar ashirin ta tuna masa ya ware kuɗi. In makon nan an dafa wake sau uku, ta matso da ranar, don kowa ya san wake da shan wuta.

Wani abin da ake rainawa shi ne suna. Yaron da ya tashi a Agege ko Sabon Ibadan, a baki ɗaya zai ce attaruhu, ya ce ata rodo. Ya ce wake, ya ce ewa. Ya ce manja, ya ce epo. Manhajar ta san duk abu ɗaya ne, kada ta buɗe masa layi biyu. Kuma in ya rubuta "kubewa" ba lanƙwasa, ta gane kuɓewa yake nufi, tunda ba kowa ne yake da haruffan Hausa a allon rubutun wayarsa ba.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya: sai ɗalibi ya shigar da bayani. Nan ne yawancin irin waɗannan manhajoji ke mutuwa. Mutum ya dawo daga lakca a gajiye, ya ɗebo ruwa, ya yi girki, sannan ka ce ya cike gurbi takwas: suna, rukuni, nauyi, farashi, kwanan wata, shago? Ba zai yi ba. Ni a ganina, in rubuta girki ɗaya ya wuce taɓa allo sau uku, an yi asara. Hanyar ita ce a ajiye girke-girken da ya saba, waɗanda da wuya su wuce bakwai ko takwas: shinkafa da wake, dafa-duka, taliya da manja, garin kwaki da ƙuli, doya, tuwo in an samu hali. Ya saita kowanne sau ɗaya, abin da yake ci na shinkafa, na mai, na magi. Daga nan in ya taɓa "dafa-duka", manhajar ta rage komai da kanta. A kuma sa maɓalli ɗaya na "na ci a waje", da wani na "na ci kyauta", don akwai walima, akwai buɗa-baki a masallacin makaranta, akwai ɗan Jami'ar Legas da ke Akoka wanda yake tafiya gida Agege ƙarshen mako ya dawo da roba cike da miya. Manhajar da ba ta san da waɗannan ba za ta riƙa zaton yaro ya kwana biyu da yunwa.

In ya manta bai rubuta ba na kwana uku fa? Kada ta yi masa faɗa, kada ta cika masa waya da saƙonni. Ta tambaye shi kawai: duba buhunka, kamar gwangwani nawa ya rage? Ya kimanta, ta ci gaba daga nan. Lokutan cin abinci ma kada a kafe su a kan safe, rana, dare. Azumi na zuwa komai ya juya zuwa sahur da buɗa-baki, cefane ya koma ƙanƙara, ƙosai da kayan marmari.

Abin da ke lalacewa

Manhajojin waje suna dogara da ranar ƙarewar wa'adi da aka buga a jikin kwali, suna kuma ɗauka akwai firiji da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗakin ɗalibi ba haka yake ba. A nan, abin tambaya shi ne kwana nawa abu yake yi a ɗakin da ba firiji. Tumatir ɗanye kwanaki kaɗan ne. Miya sai an ɗumama ta safe da dare, in an tsallake sau ɗaya ta yi tsami. Tunatarwar "ka ɗumama miya" da ƙarfe tara na dare tana iya ceton kuɗin da ya fi duk wani zanen ƙididdiga.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Uwa ta haɗa wa yaro kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin tuwo, ƙuli-ƙuli, kilishi. A Kano ko Katsina, lokacin rani, waɗannan sai su yi watanni lafiya lau. A Legas ko Fatakwal da damina, laimar iska kan sa gari ya dunƙule, ƙuli ya yi laushi, kilishi ya fara fumfuna. Wake kuma ƙwari su huda shi. Manhajar da za ta yi wa yaranmu amfani ta tambayi garin da ɗalibi yake, ta rage kwanakin da take ba busassun kaya in damina ta shiga, ta kuma riƙa tura abin da ya kusa lalacewa gaba a shawarar girkin yau. Farashi ma yana da lokacinsa. Duk wanda ke Mile 12 ko Shasha ya san tumatir da tattasai na tsada in ruwa ya sauka, noman rani ya ƙare a Arewa. Ba sai manhajar ta nemo farashi daga intanet ba. Abin da ɗalibi ya biya a watannin baya ya isa ta nuna masa cewa lokacin komawa busasshen tumatir ya yi.

Maganar ƙirga kalori, wadda ita ce zuciyar manhajojin Turai, a nan ta baya ce. Su suna neman rage ƙiba, namu yana neman ya kai ƙarshen wata. Amma kada a watsar da maganar gina jiki gaba ɗaya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma mai haɗa manhaja zai iya jingina da shi maimakon ƙirƙirar lambobi. Abin da ɗalibi yake buƙata daga ciki gajere ne: kwana shida ke nan ba wake, ba ƙwai, ba kifi, ba gyaɗa a abin da ka ci.

Tukunya ɗaya, mutum uku

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma wanda ya iya warware shi ya yi abin da manhajojin waje ba su yi ba. Ɗalibai da yawa haɗa tukunya suke yi, don ya fi sauƙi: gas ɗaya, mai ɗaya. Akwai manhajoji irin su Splitwise da ke raba kuɗi tsakanin abokai, amma kuɗi suka sani. A ɗakinmu kuwa ba kowa ke kawo kuɗi ba. A ce mutum uku ne. Na farko mahaifinsa na sayar da hatsi, ya zo da shinkafa da wake daga shago, bai fitar da ko kwabo ba. Na biyu ya cika gas ya sayi galan na mai. Na uku shi ke sayen kayan miya kullum, ɗari uku, ɗari biyar. Bayan mako uku, na uku yana ganin shi kaɗai ke kashe kuɗi tunda kullum hannunsa na aljihu, na farko kuma yana kallon buhunsa yana ramewa. Ba wanda zai yi magana, saboda kunya. Sai dai ka ga wata rana ɗaya ya sayi kwaɗo ya kulle akwatinsa. Zumunci da yawa a kan haka ya lalace.

Manhajar ta ba da damar a rubuta kaya a matsayin gudummawa, a yi musu kuɗi da farashin kasuwa na ranar da aka kawo, kuma sai duka ukun sun taɓa "na yarda" kafin ya zauna. Daga nan kowa na ganin abin da kowa ya sa. Yadda za ta faɗi sakamakon ma abin lura ne. In ta rubuta da ja cewa ana bin wane bashi, ranar za a goge ta. In ta ce cefane na gaba na wane ne, an faɗi abu ɗaya ba a ci fuskar kowa ba.

Baƙo fa? Ba za ka ce wa wanda ya yi sallama ana zuba abinci ya dakata a rubuta sunansa ba. A sa maɓallin "mun yi baƙo", ya rage kaya daga rumbu ba tare da an ɗora wa kowa ba. Ƙarshen wata dai za a ga sau nawa aka taɓa shi, kowa ya yi wa kansa hisabi. Shi kuma mai girki da wanke-wanke, wasu za su ce a yi wa wahalarsa kuɗi. Ni ban goyi bayan haka ba, yana mayar da ɗaki kamar gidan abinci. Jerin wanda girki ya zagayo kansa ya wadatar.

Sai maganar wayar kanta. Yawancin ɗalibai Android suke riƙewa, Tecno, Infinix ko itel, da yawansu wurin ajiya ya cika, batir ya gaji. Hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Manhajar da ba ta buɗewa sai da data, ranar da aka fi buƙatarta, wato ƙarshen wata, ranar ce ba za ta buɗe ba. Don haka bayanan su zauna a cikin wayar, a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite wanda dama yana cikin Android, sai in an samu intanet ta daidaita da wayoyin abokan tukunya. Ta zama marar nauyi yadda za a iya tura ta ta Xender.

Kada kuma ta nemi abin da ba ruwanta da shi. Manhajar cefane ba ta da hujjar neman lambobin da ke waya, ko hotuna, ko saƙonnin banki. Mun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa 'yan uwansu saƙon tozarci, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta hau kan duk mai tattara bayanan mutane. In za a sa talla don a samu na gudanarwa, to a rufe ƙofa ga tallan rance da na caca, don nuna wa yaron da kuɗinsa suka ƙare irin wannan talla tura shi rami ne.

Iyaye za su tambaya: mu ma za mu riƙa gani? Na fahimci dalilin, tunda daga aljihunsu abin yake fita. Amma ranar da ɗalibi ya san Baba na kallon kowane tsiren da ya saya, ranar zai fara rubuta ƙarya, lissafin kuma ya tashi daga aiki. Gara a ba shi maɓallin da zai fitar da taƙaitaccen bayanin wata, abin da ya shigo, abin da ya tafi a hatsi, a gas, a kayan miya, ya tura ta WhatsApp in ya ga dama. Yaron da ke neman ƙari zai tura da kansa, don hujja ce a hannunsa.

Ga wanda yake shirin haɗawa, kada ka fara da kwamfuta. Samu ɗakuna biyu ko uku, na maza da na mata, don cefanensu da yadda suke haɗa tukunya ba iri ɗaya ba ne. Ba su littafin rubutu mai arha su riƙa rubuta abin da suka saya da abin da suka dafa na mako biyu, da kalmominsu. Shafukan da suka cike za su ba ka jerin ma'aunai da girke-girke na gaskiya. Shafukan da suka bari fayau za su nuna maka ranakun da mutum ba ya iya rubutu, ranar jarrabawa, ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu. Bayan nan ne za ka zaɓi kayan aiki, ko MIT App Inventor in kana farawa, ko Flutter in hannunka ya faɗa. Sanya ta a Play Store yana buƙatar rajistar dala 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin kwana 14 da wasu mutane kafin Google ta bari a saki manhajar ga kowa. Ka tsara gwajin ya faɗo daga tsakiyar wata zuwa ƙarshensa, lokacin da buhu ya yi ƙasa, gas ya fara ja, kuma kowa a ɗakin ya fara ƙirga gwangwani.